Motsa jiki da karatun matasa: tambayoyin da iyaye da ɗalibai suka fi yi mini

Na daɗe ina koyar da lissafi a sakandare, kuma saboda ƙarancin malamai, shekaru da yawa ni ake ɗora wa kula da wasannin yamma. Shi ya sa nake ganin yaro ɗaya a wuri biyu: da safe a gaban allo, da la'asar a fili. Duk taron iyaye da malamai sai an tare ni da maganar ƙwallo da karatu, wani da fushi, wani da damuwa ta gaske. Na tattara tambayoyin da suka fi maimaituwa, da wasu da ɗalibai ke yi mini a keɓe, na amsa su gwargwadon abin da na karanta da abin da na gani da idona.

Malam, wai da gaske ne yaron da ke motsa jiki ya fi ƙoƙari a aji?

Idan aka tara yara da yawa aka auna, haka ne. A shekarar 2002 hukumar ilimi ta jihar Kalifoniya a Amurka ta ɗauko sakamakon gwajin ƙarfin jiki na ɗalibai sama da 900,000, ta jera shi kusa da makinsu na jarrabawar karatu da lissafi. Abin da ya fito kamar matattakala yake: duk lokacin da yaro ya ƙara cin wani gwajin jiki, matsakaicin makin rukuninsa sai ya ƙara hawa, kuma hawan ya fi fitowa fili a lissafi.

Wanda ya fi shi girma an yi shi a Suwidin, aka wallafa a 2009. A can, samarin da suka kai shekara 18 sukan je tantancewar aikin soja, a ɗora su a kan keken gwaji a ga iya juriyarsu, sannan a ba su jarrabawar basira. Masu bincike na Jami'ar Gothenburg sun bi bayanan samari kimanin miliyan 1.2, waɗanda aka haifa daga 1950 zuwa 1976. Masu dogon numfashi sun fi maki a jarrabawar, kuma daga baya su ne suka fi yin nisa a karatu.

Amma a lura da kalmar "idan aka tara". Wannan magana ce ta jimla. A ajina na ga yarinyar da ba ta iya gudun mita 100 ba tare da ta tsaya ba, kuma ita ce ta ɗaya a lissafi shekara uku a jere. Na kuma ga ɗan wasan gaba da babu mai kamo shi a fili, amma jadawalin sau bakwai ya gagare shi.

Wane irin ƙarfi ake nufi? Ƙwanji?

A'a. Wanda ya fi alaƙa da karatu shi ne juriyar zuciya da huhu, wato yadda mutum zai daɗe yana gudu ko tuƙa keke ko wasa kafin haki ya tsayar da shi. A binciken Suwidin ɗin nan an auna ƙarfin damtse ma, kuma bai nuna irin wannan alaƙa da basira ba. Saboda haka saurayin da ke ɗaga siminti a gwangwani don ƙirjinsa ya buɗe, yana yin abu mai amfani ga ƙashi da tsoka, amma ba shi ne abin da muke magana a kai ba.

Auna juriya ba wuya. Ana zana layi biyu a ƙasa, tazarar mita 20. Ana kunna wani sauti, duk ya yi ƙara sai yaro ya kai ɗaya layin, kuma tazarar ƙarar tana ƙara matsewa. Inda ya kasa, nan ne matakinsa. Da waya da ɗan lasifika da toka ta zana layi, kowace makaranta za ta iya.

Ba dai 'ya'yan masu hali ne ke da lafiyar jiki, kuma su ne ke da makarantu masu kyau ba? Ina ruwan gudu a ciki?

Wani uba, ma'aikacin asibiti, ya taɓa yi mini wannan tambaya, kuma ita ce tambaya mafi nauyi a duk jerin nan. Yana da gaskiya. Abu biyu suna iya tafiya tare ba tare da ɗaya ya haifi ɗaya ba. Yaron da ke cin abinci mai gina jiki, yana barci a gidan sauro, ba ya fashin makaranta saboda zazzaɓi, zai fi gudu kuma zai fi maki, kuma asalin duka biyun gidansu ne. Akwai kuma halin yaro: mai naci a fili galibi mai naci ne a littafi.

Masu binciken Suwidin sun yi ƙoƙarin raba wannan gardama ta hanyar duba tagwaye masu kama ɗaya, waɗanda jininsu ɗaya, gidansu ɗaya, tukunyarsu ɗaya. Ko a cikinsu, wanda ya fi juriya shi ya fi maki. Sun kuma ga cewa samarin da juriyarsu ta ƙaru tsakanin shekara 15 da 18 sun fi waɗanda tasu ta ragu. Wannan ya rage ƙarfin zancen gado da arziki, ko da bai kashe shi gaba ɗaya ba.

Hanyar da ta fi kowacce ita ce gwaji: a raba makarantu kashi biyu ta hanyar ƙuri'a, a ƙara wa wasu motsa jiki, a bar wasu yadda suke, a jira a gani. An yi irin wannan sau da dama, kuma sakamakon bai zo da murya ɗaya ba. A ƙasar Norwe an gwada a makarantu 57 da yara 'yan shekara 10 sama da 1,100. Bayan wata bakwai, a jimlace makin bai bambanta ba, sai dai yaran da tun farko suka fi rauni a lissafi sun ɗan ɗaga. A wani gwajin kuma, a ƙasar dai, da 'yan shekara 14 kimanin 2,000 a makarantu 30, an ƙara musu awa biyu ta motsa jiki a mako na tsawon shekarar karatu, kuma makinsu na lissafi da karatu ya ɗan fi na sauran. A Ingila masu bincike daga Oxford sun gwada a makarantu 104 da ɗalibai sama da 18,000 'yan shekara 12 zuwa 13, inda aka nemi malaman wasanni su ƙara minti 10 na motsi mai ƙarfi a darasinsu. Lissafin bai motsa ba. Amma makarantu da dama ba su aiwatar da shirin yadda aka tsara ba, har juriyar yaran ma ba ta ƙaru ba, to ta ina za a sa ran makin ya ƙaru?

A 2010 cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta tattara bincike 50 a kan motsa jiki a makaranta da karatu. Kusan rabin alaƙoƙin da aka auna sun nuna amfani, kusan rabi ba su nuna komai ba, waɗanda suka nuna illa kuwa ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. A 2019 wani kwamitin masana na ƙasashe daban-daban ya sake duba gwaje-gwajen da suka fi inganci, ya ce hujjar ta fi ƙarfi a lissafi, a sauran fannoni kuma ba a kai ga yanke hukunci ba.

Ga yadda na fahimci duk wannan. Wanda ya ce muku gudu zai mayar da mai F9 ya zama mai A1, ya yi ƙari. Amma abu ɗaya ya tabbata a kusan kowane gwaji: an ɗebi lokaci daga aji an ba fili, kuma maki bai faɗi ba. A wajenmu wannan ita ce maganar da ta fi muhimmanci, domin dalilin da muke hana yara wasa ke nan, tsoron kada karatu ya ragu.

To me ke faruwa a ƙwaƙwalwa idan mutum ya motsa?

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 na kuzarin da jiki ke ƙonawa. Abincinta ta jini yake zuwa, don haka lafiyar zuciya da jijiyoyi ta shafe ta kai tsaye. Motsa jiki kuma yana ƙara wani sinadari da masana ke kira BDNF, wanda ke taimaka wa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su rayu su ƙulla sababbin hanyoyi a tsakaninsu. A 1999 aka nuna cewa ɓerayen da aka sa wa abin gudu a keji sun fi fitar da sababbin ƙwayoyi a sashen da ke riƙe sabon abin da aka koya. Daga baya, a Jami'ar Illinois, hoton ƙwaƙwalwar yara 'yan shekara 9 da 10 ya nuna wannan sashe ya fi girma a wajen masu juriya.

A wannan jami'a ce Charles Hillman da abokan aikinsa suka sa yara tafiya ta minti 20 a kan injin tafiya, sannan suka ba su gwaji. Sun fi mayar da hankali, sun kuma fi fahimtar abin da suka karanta, idan aka kwatanta da ranar da suka zauna kawai na minti 20. Yara ƙanana ne aka gwada, amma duk malamin da ya taɓa shiga aji bayan an dawo daga tara, ya kuma shiga wani ajin da aka hana fita, ya san bambancin fuskoki.

Ga matashi akwai ƙarin dalili. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai kula da tsara aiki, danne son rai da tsayawa a kan abu ɗaya, ba ya gama nuna sai an haura shekara 20. Shi ne sashen da gwaje-gwaje suka fi nuna yana amsa motsa jiki, kuma shi ne ake buƙata wajen warware lissafi mai matakai biyar ba tare da an ɓace a na uku ba.

Sai barci. Masana barci sun ce ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10. Yaron da ya yi gumi da la'asar, bayan isha'i jikinsa da kansa ke neman katifa. Wanda ya wuni a zaune, sha biyun dare yana nan da waya a hannu. A ganina rabin amfanin wasa ga karatu ta wannan ƙofa yake shigowa, domin cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya da rana, har da hadda.

Minti nawa ya kamata?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga shekara 5 zuwa 17, a samu matsakaicin minti 60 a rana na motsin da ke sa numfashi ya ɗaga, sannan aƙalla kwana uku a mako a haɗa da mai ƙarfi sosai da wanda ke gina tsoka da ƙashi. Ba dole a yi shi a zama ɗaya ba. Minti 20 na tafiya da sauri zuwa makaranta, 15 a lokacin tara, 25 da yamma, an cika.

Ma'aunin mai sauƙi ne. Idan kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa, kana matsakaici. Idan ba ka iya haɗa jimla sai ka ja numfashi, kana mai ƙarfi.

Yawancin matasan duniya ba sa cikawa. Binciken da masanan hukumar suka fitar a 2019, daga ɗalibai miliyan 1.6 a ƙasashe 146, ya nuna kashi 81 cikin 100 na 'yan shekara 11 zuwa 17 ba sa kai wannan awa ɗaya. Kada mu ce matsalar Turawa ce. Wani bincike da aka yi a kan ɗaliban sakandare kimanin 1,000 a Maiduguri, aka wallafa a 2016, ya samu waɗanda ke cikawa ba su kai kashi 40 ba.

Ɗana da ƙafa yake zuwa makaranta, yana ɗibar ruwa, da damina yana noma. Wannan bai isa ba?

Ya isa, har ya yi yawa wani lokaci. Zuciya ba ta san bambancin filin wasa da kunyar gero ba. Yaron da ke tafiyar kilomita uku zuwa makaranta ya dawo, ya tura kurar ruwa, ba ya buƙatar a ce masa ya zagaya fili.

Matsalarsa daban ce: abin da yake ƙonawa ya fi abin da yake ci. Na koyar da yara irin waɗannan a wata makarantar jeka-ka-dawo. Kafin ƙarfe goma sha ɗaya za ka ga kai yana rinjaya, ido ya yi fari, ka tambaye shi ya ce tun tuwon dare bai sa komai a baki ba. Irin wannan yaro koko da ƙosai yake buƙata, da wake, gyaɗa, zogale, ƙwai idan an samu, da maganin tsutsar ciki, da a rage masa aiki lokacin jarrabawa. Ƙarancin jini yana rage juriya kuma yana rage mayar da hankali, duka a lokaci ɗaya.

Wanda na fi jin tsoro wa shi ne yaron birni: a ɗauke shi a mota ko adaidaita da ƙarfe bakwai, ya zauna a benci har biyu, ya wuce lesin, ya wuce Islamiyya, ya dawo ya kwanta da waya. Iyayensa na ganin sun ba shi komai. A wuni guda bai yi takun da zai sa shi zufa ba.

Yarona yana aji shida, WAEC da NECO da JAMB sun matso. In hana shi ƙwallo?

A rage, kada a hana. Wata shekara ina da wani ɗalibi mai tsaron baya, matsakaici a aji, mai son lissafi. Da aka shiga zangon ƙarshe mahaifinsa ya kulle takalmansa a akwati, ya sa shi lesin biyu, ya ce sai bayan jarrabawa. Mako uku da haka yaron ya canza. Yana zuwa aji da jajayen idanu, yana faɗa da abokin zamansa a kan biro, kuma na lura yana karanta tambaya ɗaya sau uku bai fara rubutu ba. Ya ce mini yana zama da littafi har ƙarfe ɗaya na dare, amma da safe kamar an share allo. Na je gidansu bayan sallar magariba, muka zauna da mahaifinsa a kan tabarma a ƙofar gida. Na ce masa, "Alhaji, ka ba ni aron sa minti 40, kwana uku a mako, idan makinsa ya sauka a gwajin wata, ni da kaina zan dawo maka da takalman." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, amana ce." Makin bai sauka ba, barcinsa ya dawo, faɗan ya tsaya. Ba zan ce ƙwallo ce ta ba shi kiredit ɗinsa ba, shi ya yi karatunsa. Amma na ga yadda awa shida ta zaman da hankali ba ya wurin ta koma awa huɗu ta karatu na gaske.

Abin da nake ba da shawara a watannin jarrabawa: a bar gasa da tafiye-tafiyen wasa, domin karaya ko targaɗe a hannun rubutu ba ƙaramar asara ba ce, a riƙe ɗan gudu ko wasan motsa jini. Ranar jarrabawa kanta, tafiyar minti 15 da sauri kafin a shiga ɗaki ta fi tsayawa a bakin ƙofa ana buɗe littafi cikin firgici. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Amma na ga yaran da ƙwallo ta lalata wa karatu.

Ni ma na gani, kuma ba zan musa ba. Sai dai idan ka bi labarin, galibi ba minti 60 na fili ne suka ci yaron ba. Gidan kallo ne har sha ɗayan dare, musun Arsenal da Barcelona a bakin titi, cacar wasanni a waya, ko wani da ya ce masa zai kai shi Turai don haka makaranta ɓata lokaci ce. Mai kallo ba ya gumi. Akwai kuma wanda ke atisaye safe da yamma, awa huɗu a rana. Shi kam gajiya za ta hana shi karatu, babu shakka. Ka'idata a fili ita ce, wanda bai kawo aikin gida ba, ranar zai yi ɗumama jiki da mu amma ba ya cikin 'yan wasan da za a zaɓa. Ta fi bulala aiki.

'Yan mata fa? Mu a gidanmu budurwa ba ta tsalle-tsalle.

Wannan ce ta fi ci mini rai. A binciken Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ɗin nan, kashi 85 na 'yan mata ne ba sa cika awa ɗaya, maza kuma 78. A wajenmu kowa ya san lokacin da abin ke faruwa. Yarinya 'yar shekara tara tana 'yar gala-gala, tana tsallen igiya, tana gaɗa da dare har sai an kira ta. Da ta kai sha uku sai a ce ta girma, ta nutsu. Daga nan motsinta ya koma shara da wanke-wanke. A makaranta kuma, ranar wasanni maza na fili, mata na ƙarƙashin bishiyar darbejiya suna kallo, sai lokacin gasar gidaje a tattaro su a ce su yi gudun mita 400 ba tare da shiri ba, biyu su suma, a ce ai dama mata ba sa iyawa.

Kunya da sutura abubuwa ne da nake girmamawa, kuma ba sa karo da motsa jiki. Abin da ake buƙata wuri ne mai katanga, malama mace, da wando mai faɗi da riga doguwa da ƙaramin hijabi. A tsakar gida ma igiya ɗaya ta isa: minti 10 na tsallen igiya aiki ne na gaske, duk wanda ya gwada ya sani. Ga wanda ke ganin addini ne ya hana, ya tuna cewa ya tabbata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha har sau biyu, ta tsere masa a na farko, ya tsere mata a na biyu.

Iyaye mata sukan tambaya game da lokacin al'ada. Motsi marar tsanani ba ya cutarwa, wasu ma yana rage musu ciwon mara. Wadda ke zubar da jini da yawa, tana jiri, tana haki daga hawa ɗan bene, a kai ta a auna jininta. Shekarun nan ne kuma ƙashi ke tara mafi yawan ƙarfin da zai rayu da shi, kuma tsalle da gudu na cikin abin da ke gina shi. Yarinyar da aka zaunar tun tana sha uku, an rage mata wani abu da za ta nema lokacin haihuwa da tsufa.

Wane lokaci ya fi, ga zafi ga azumi?

Da sassafe ko bayan la'asar. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, sa yara gudu da tsakar rana ganganci ne. A sha ruwa kafin a fara da bayan an gama. Fitsari mai duhu alama ce ruwan jiki ya yi ƙasa. Da hunturu, ranar da ƙura ta rufe gari, a rage. Da azumi a sassauta: tafiya ko ɗan wasa dab da shan ruwa, ko bayan an sha ruwa an huta.

Ɗana mai sikila ne. Ɗiyata kuma tana da asma.

Duka biyun suna iya motsa jiki, amma da shawarar likitan da ke duba su, kuma malamin wasanni ya sani tun ranar farko. Mai sikila ya yi a hankali, ya huta akai-akai, ya sha ruwa sosai, ya guji tsananin zafi da tsananin sanyi, kuma kada a taɓa tilasta masa ya ƙarasa zagaye don an ce kowa sai ya ƙarasa. Mai asma ta ɗumama jiki sannu a hankali, abin shaƙarta yana aljihu ba a jaka a aji ba.

Ga kowane yaro, ko mai lafiya: ciwon ƙirji lokacin gudu, suma, ko bugun zuciya da ya rikice, a tsaya nan take a je asibiti. Kada a ce ragwanci ne.

Makarantarmu gidan haya ce, ba fili, ba kayan wasa. Me za mu yi?

Da farko a daina cinye lokacin tara da "bari in ƙarasa wannan babin". Ni ma malamin lissafi ne, na san jarabar, amma minti 20 ɗin da ka ƙwace za ka biya su a darasi na gaba da yara masu hamma. A Finlan, al'adar makarantu da yawa ita ce bayan darasin minti 45 a fita minti 15, ko da sanyi.

Na biyu, darasin PHE, wato na motsa jiki da kiwon lafiya, ya fita daga kan allo. Na ga ajin da aka rubuta wa faɗi da tsawon filin ƙwallon raga suka kwafe suka haddace, ba wanda ya taɓa riƙe ƙwallon. Langa ba ta buƙatar komai sai ƙafa ɗaya da ɗan wuri, kuma wanda ya yi ta minti biyar zai ji a cinyarsa. Igiya, tsere na 'yan mita tsakanin bango da bango, kokawa a kan yashi da malami a tsaye, duk suna shiga harabar gidan haya. A cikin aji ma, idan darasi biyu suka haɗu, a tashe su tsaye minti uku, su miƙe, su tsuguna su tashi sau goma, su zauna.

Na uku, a daina horo da tsallen kwaɗo da zagaya fili. Yaron da duk gudun da ya taɓa yi a makaranta hukunci ne, ranar da ya kammala zai yi sallama da gudu har abada. Shugaban makaranta kuma ya nemi izinin filin firamare ko na unguwa da ke kusa, yamma biyu a mako, ɗaya ta maza ɗaya ta mata.

Malam, ni ina da jiki, da na fara gudu sai haki, yara na yi mini dariya. Ta ina zan fara?

Wani ɗan aji huɗu ne ya tsaya bayan kowa ya fita ya yi mini wannan tambaya, yana kallon ƙasa. Abin da na gaya masa shi zan gaya maka. Kada ka fara da gudu, kuma kada ka fara a gaban mutane. Bayan sallar asuba gari shiru, ka yi tafiya da sauri minti 15, kwana biyar a mako. Mako na biyu ka kai 20. Mako na uku, cikin tafiyar, ka yi sassarfa daga wannan turken lantarki zuwa na gaba, ka yi tafiya turke biyu, ka sake. Idan ana kai ka makaranta a adaidaita, ka sauka kafin a iso ka ƙarasa da ƙafa. Ka samu aboki ɗaya, ɗaya tak, wanda zai ƙwanƙwasa muku ƙofa ranar da ka ji kasala.

Kada ka hau sikeli kowace safiya, domin juriya tana riga nauyi canzawa, kuma ita muke nema. Ka sami ƙaramin littafi ka riƙa rubuta abu uku: minti nawa ka yi, ƙarfe nawa ka kwanta, da shafi nawa ka karanta kafin hankalinka ya tafi. Cinyoyinka za su yi tsami a kwana ukun farko, wannan ba ciwo ba ne, zai wuce. Bayan mako shida ka zo da littafin, mu zana layi biyu a ƙasa, mu auna.